Baba na son barin wasiyya ga gidauniyar yankinmu: ya ɗaure kuɗin da sharaɗi ko ya sakar musu?

Uwar Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka taɓa aiki da gidauniyar al'umma ko suka san harkar wasiyya.

Mahaifinmu tsohon malamin makaranta ne, ya daɗe da yin ritaya. Ba mai kuɗi ba ne, amma Allah ya rufa masa asiri. Yana da gidan da yake ciki, da wani ƙarami da ya ba da haya, da ɗan abin da ya ajiye a banki. Mu 'ya'yansa kowa ya kama gabansa. Kwanakin baya ya kira ni ya ce yana so ya rubuta wasiyya, ya ware wani kaso ya bar wa gidauniyar yankinmu, wadda ke raba tallafi ga makarantu da ƙananan asibitoci da ƙungiyoyin sa-kai. Ni ya ɗora wa binciken, wai ni ce mai haƙurin karanta takardu.

Sharaɗinsa ne ya tsaya mana. Baba cewa ya yi kuɗinsa littattafan karatu za a riƙa saya da su, na takarda, a raba wa ɗaliban makarantar da ya koyar, ita kaɗai, har abada. Bai yarda a sayi kujera ko a gyara rufi da su ba. Na je ofishin gidauniyar, wata ma'aikaciya ta karɓe ni hannu bibbiyu, ta ce za su karɓa ko da sharaɗin, amma sun fi son ya bar musu babu ɗauri. Ta ƙara da cewa ko ya ɗaure, akwai magana a yarjejeniyarsu da ta ba kwamitin amintattu ikon sauya manufar asusu idan ta daina yiwuwa. Da na kai wa Baba wannan sai ya ɓata rai, ya ce wato jira suke ya kwanta dama su yi yadda suka ga dama. Yayanmu kuma cewa yake duk wannan neman wahala ne, Baba ya sayi littattafan yanzu da hannunsa ya raba, ya ga murnar yaran da idonsa.

To wai me gidauniya ke yi da kuɗin wasiyya in ta karɓa? Kashewa take yi ko ajiyewa? Me ya sa suka matsa a kan a sakar musu? Kuma wane ne ke sa musu ido bayan mai kuɗin ba ya nan? Ba na so in ba Baba shawarar da za ta sa guminsa ya tafi a banza.

Tsohon Akanta ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ƙara wa Malam lafiya da nisan kwana. Na daɗe ina zama a kwamitin kuɗi na wata gidauniya irin wannan kafin ƙarfi ya ja baya, don haka abin da na gani zan faɗa miki.

Kuɗin wasiyya ba a kashe shi kamar gudummawar da ake tarawa a taro. Asusun dindindin ake zuba shi, a haɗa da na sauran mutane, a juya shi a hannun jari da gine-ginen haya da makamantansu. Uwar kuɗin ba a taɓa ta. Abin da ake fitarwa duk shekara, a yawancin gidauniyoyi, kashi 4 ne zuwa 5 cikin ɗari na darajar asusun. Saniya ce ake tatsa, ba a yanka ta. Ki ɗauka Malam ya bar dubu 100, ko da wane irin kuɗi ne. In jarin ya kawo kashi 7 a shekara, dubu 4 za su tafi tallafi, wajen dubu 1 ta tafi kuɗin gudanarwa, dubu 2 su koma kan uwar don kada tsadar kaya ta cinye ta. Kafin a cika shekara 25 an raba kwatankwacin abin da ya bari gaba ɗaya, uwar kuma tana nan. Sannan ba da darajar ranar da aka zauna ake lissafi ba, matsakaicin darajar shekara 3 zuwa 5 da suka wuce ake ɗauka. A 2008 kasuwar hannun jarin Amurka ta zube da fiye da kashi ɗaya bisa uku. Da da darajar wannan shekarar kaɗai aka yi lissafi, da tallafi ya faɗi warwas daidai lokacin da mutane suka fi buƙatarsa.

Me ya sa gidauniyoyi ke zawarcin wasiyya haka? Saboda mai rai daga rarar albashinsa yake bayarwa, kuma yawanci so yake a kashe yana gani. Wanda ya tafi kuwa daga abin da ya tara tsawon rayuwarsa yake bari. Malamin makaranta ba zai iya yanko ɗaki ɗaya daga gidansa ya kai ofis yana raye ba, amma zai iya barin kaso daga kuɗin gidan. Shi ya sa za ki ga babbar kyautar da talaka ko matsakaicin mutum ke yi a rayuwarsa ita ce wadda bai ga an karɓa ba.

Gidauniyar al'umma ta farko a wannan tsari ita ce ta birnin Cleveland a jihar Ohio ta Amurka. Wani lauya kuma shugaban banki, Frederick Goff, ya kafa ta a 1914. Shekarunta na farko kusan babu abin rabawa, bincike kawai take yi a kan makarantun birnin da kotunansa, tana jiran wasiyyoyin da aka rubuta mata su faɗo. Sai a 1931 ta karɓi kimanin dala miliyan 3 daga wasiyyar Harry Coulby, wani attajirin harkar jiragen ruwa, daga nan ta tsaya da ƙafafunta. Yau dukiyarta ta haura dala biliyan 2. Kuma kada ki ce sai masu miliyoyi. Ta Winnipeg a Kanada an buɗe ta a 1921 da dala dubu 100 daga William Alloway, amma kyauta ta biyu da ta samu, a 1924, tsabar zinare uku ce ta dala 15 da wani ya aiko ba suna.

Yanzu ga maganar da ta ɓata wa Malam rai. Abin da ya sa Goff ya ƙirƙiro tsarin tun farko shi ne ya gaji da ganin dukiyar matattu ta maƙale a kan sharuɗɗan da zamani ya wuce. Misalin da aka fi bayarwa na Bryan Mullanphy ne, tsohon magajin garin St. Louis, wanda ya rasu a 1851 ya bar kashi ɗaya bisa uku na dukiyarsa don taimakon matalautan matafiya masu ratsa garin za su je su zauna a yammacin Amurka. A lokacinsa buƙata ce ta gaske. Da ayarin masu ƙaura ya ƙafe, sai kuɗi ya yi ta taruwa, aka shiga zaryar kotu ana neman yadda za a yi da shi.

Ni ma na ga ƙaramin irinsa da idona. Akwai wani fayil da ake kawo mana duk ƙarshen shekara, takardar ciki har ta yi ja, sa hannun mai ita a karkace, da gani a kan gadon jinya ya yi shi. Bawan Allah ya bar kuɗi a riƙa saya wa 'yan mata masu koyon aikin ofis keken rubutu, wato tafireta. Niyya kyakkyawa. Amma lokacin da na shiga kwamitin, babu mai koyon tafireta, babu ma mai sayar da ita. Sai mu buɗe fayil ɗin, mu kalli juna, mu rubuta "ba a kashe ba", mu rufe. A teburin nan kuma ga takardun neman tallafi a jibge, har da na wata cibiyar koyar da kwamfuta ga mata. Sai da lauyanmu ya bi hanyar da doka ta tsara, aka nemo wata jikarsa aka ji ta bakinta, sannan aka karkata kuɗin can. A gefe guda akwai asusun wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya da layi ɗaya kawai ta rubuta: a yi wa mutanen yankin nan abin da suka fi buƙata. Kuɗinta bai kai na mai tafireta ba, amma shi muke fara ɗagawa duk sanda abu ya taso ba zato. Shekarar ambaliya da shi muka fara aiki kafin gudummawar jama'a ta iso.

Irin asusunta ne ke riƙe da gidauniya, don da shi ake toshe inda babu wanda ya yi tunani. Wannan ne dalilin ma'aikaciyar nan, ba wayo take muku ba. Amma ba dole Malam ya zaɓi ɗaya daga gefe biyun ba. Akwai tsakiya: ya ce kuɗinsa na karatun yaran yankin ne, a fifita littattafai, a fifita makarantarsa muddin tana nan. Sunansa na kan asusun, burinsa na nan, hannun amintattu kuma bai ɗauru ba.

Mai Shakka ya amsa:

Baba Akanta, da girmanka, amma ni ina bayan yayan Uwar Biyu. Lissafinka ya yi kyau a takarda. Ka ɗauka jari zai kawo kashi 7, tsadar kaya kuma ba za ta wuce kashi 2 ba. To idan hauhawar farashi ta kai kashi 3 a shekara, ƙarfin kuɗi na raguwa da rabi a cikin shekara 24. Idan ta kai kashi 20, ko shekara 4 ba a cikawa. Akwai ƙasashe da yawa da suka ɗanɗana wannan. A irin wurin nan "har abada" ɗin da ake yi wa mutum alkawari bai wuce shekarun da jikansa zai gama firamare ba.

Kuma ba ni kaɗai ke wannan ra'ayi ba. Julius Rosenwald, shugaban kamfanin Sears na Amurka a zamaninsa, ya fito fili ya soki asusun dindindin. Ya kafa nasa a 1917, ya shar'anta a kashe shi ƙarƙaf cikin shekara 25 bayan mutuwarsa. Ya rasu a 1932, asusun ya rufe a 1948. Da taimakonsa aka gina makarantu kusan dubu 5 na yaran baƙaƙen fata a kudancin Amurka, a lokacin da hukuma ta yi watsi da su. Da ya ce kashi 4 kawai za a riƙa fitarwa, yara nawa za su girma ba su ga aji ba? Chuck Feeney, wani attajirin Amurka, shi ma haka, ya raba fiye da dala biliyan 8 yana raye, ya rufe gidauniyarsa a 2020, ya rasu a 2023.

Yaron da ba shi da littafi bana, bana yake buƙatarsa. Ba zai jira ribar shekara mai zuwa ba, jarrabawa ba ta jira.

Sai maganar amana. Amintattun da kike gani yau ba su ne za su zauna nan da shekara 40 ba. Ma'aikaciyar da ta yi miki fara'a za ta canja aiki. 'Yar'uwa, kafin Baba ya sa hannu a komai, ki nemi rahoton masu binciken kuɗi na waje na shekarun baya-bayan nan, ki karanta da kanki. Ki tambaya yadda ake zaɓen amintattu, da ko suna da wa'adi ko kujerar gado ce. Ki tambaya ko amintacce na fita daga ɗaki idan ana maganar ƙungiyar da yake da hannu a ciki. In suka fara kame-kame, kin samu amsarki.

Almajirin Ilimi ya amsa:

Allah ya saka wa Baba da alheri bisa wannan niyya. Ban sani ba ko Musulmi ne, amma tunda da sallama kika buɗe, bari in taɓo ɓangaren shari'a, don kada a gama gini a ga an ci iyaka.

Wasiyya ba ta wuce sulusi, wato kashi ɗaya bisa uku, kuma sulusin abin da ya rage ne bayan an yi hidimar jana'iza an biya bashi. Asalin wannan hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ne. Ya yi rashin lafiya mai tsanani a Makka, a lokacin 'ya ɗaya gare shi, ya nemi ya ba da kashi biyu bisa uku, Annabi (SAW) ya hana, ya nemi rabi, ya hana, sai ya yarje masa sulusi, ya ce sulusin ma da yawa, kuma barin magada cikin wadata ya fi a bar su suna roƙon mutane. Abin da ya haura sulusi sai da yardar magada. Kuma kyautar da mutum ya yi a cikin ciwon ajali ita ma cikin sulusin ake lissafa ta. Don haka in Baba na so ya ba da wani abu daban da hannunsa, kamar yadda yayanku ke so, yanzu da yake da lafiya ne lokacinsa, babu wannan iyaka a kansa.

Tsarin da Baba Akanta ya bayyana kuwa ba baƙo ba ne a wurinmu, wakafi ke nan. Sayyidina Umar ya samu fili a Haibara, ya nemi shawara, aka ce masa ya riƙe asalin ya yi sadaka da amfanin. Sai ya shar'anta ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gada, amfanin na matalauta ne da dangi da 'yanta bayi da matafiya da baƙi. Ki duba faɗin jerin nan, bai ce gida kaza ko mutum kaza ba. Har ya yarda mai kula da filin ya ci daga cikinsa gwargwadon abin da aka saba, wanda shi ne kuɗin gudanarwar da mutane ke ƙorafi a kai. Aibin ba a karɓarsa yake ba, a wuce gona da iri yake.

Malamai sun girmama sharaɗin mai wakafi ƙwarai, ba a taɓa shi don son rai. Amma sun yi magana a kan abin da za a yi idan amfanin wakafi ya yanke, kamar masallacin da mutanen unguwa suka tashi suka bari. Da yawa sun halatta a mayar da shi ga mafi kusa da manufar mai shi, ƙarƙashin kulawar alƙali, kodayake mazhabobi sun bambanta a tsanani. Wannan zai iya kwantar wa Baba da hankali.

Abu ɗaya da ban ji an ambata ba: a ina ake juya kuɗin? Yawancin gidauniyoyi na zuba wani kaso a takardun bashi masu kuɗin ruwa. Ki tambaye su ƙarara ko suna da hanyar juya asusunsa daban, ba ruwa, ba kamfanonin giya da caca. In babu, Baba ya san abin da yake shiga tun yanzu.

Uwar Biyu ta dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Eh Malam, Musulmai ne mu, kuma Baba ya san maganar sulusi, ya ce ko kusa ba zai kai ba. Na karanta masa labarin tafireta, ya yi dariya har da tari, sannan ya ce ai littafi ba tafireta ba ne. Ban ja da shi ba. Amma ya tambayi abin da ban iya amsawa ba: in ikon sauya manufa na hannunsu, me zai hana su wayi gari su ce littafi ya daina yiwuwa alhali ƙarya ne? Sannan gidan hayar nan, ya bar musu shi yadda yake ne, ko a sayar a ba su kuɗi?

Barista ta amsa:

'Yar'uwa, tambayar Baba ta malami ce, kuma an taɓa gwada ta a kotu. Wata mata mai suna Beryl Buck ta rasu a 1975 ta bar wa gidauniyar San Francisco hannun jarinta na kamfanin mai na Belridge, da sharaɗin a kashe amfanin a gundumar Marin kaɗai, a jihar Kalifoniya. A lokacin darajarsa kimanin dala miliyan 10 ce. A 1979 kamfanin Shell ya saye Belridge, kuɗin ya haura dala miliyan 250. Marin kuwa na cikin gundumomi mafi arziki a Amurka. Sai gidauniyar ta je kotu a 1984 tana neman a bar ta ta kashe wani ɓangare a gundumomin maƙwabta, inda talauci ya fi yawa. Hujjarta ba ta banza ba ce, ni kaina ina jin ta. Amma a 1986 kotu ta ƙi, bisa cewa wai an fi buƙatar kuɗin a wani wuri bai isa dalilin karya sharaɗin mamaci ba, tunda cika shi na yiwuwa. Ƙarshenta ma asusun ya bar hannun gidauniyar, aka kafa sabuwa ta Marin ta riƙe shi.

Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka lauyan inda kuke ne zai gaya muku taƙamaimai. Amma ki gaya wa Baba ikon nan ba na ganin dama ba ne. Zai kuma iya ƙara masa takunkumi a rubuce: kada a sauya sai amintattu sun zauna sun rubuta dalili, a sanar da iyalinsa, kuma a koma ga abu mafi kusa, wato karatun yara.

Ga abin da na fi ganin yana jawo rigima, kuma ba sharaɗi ba ne, rubutu ne. Mutum ya rubuta adadi tsayayye, a ce dubu kaza. Ya ƙara shekara 15 a duniya, jinya ta ci rabin dukiyar, sai adadin ya zama ya haura sulusi, ko kuma tsadar kaya ta mayar da shi abin dariya. Kaso ya fi: kashi 10 ko 20 cikin ɗari na abin da ya rage bayan bashi. Dukiya ta ƙaru ya ƙaru, ta ragu ya ragu, magada ba su cutu ba. Sannan a rubuta cikakken sunan gidauniyar kamar yadda yake a takardar rajistarta, da lambar rajista. Na ga wasiyyar da aka rubuta sunan da jama'a ke kiran ƙungiya da shi, ƙungiyoyi biyu suka taso kowace na cewa ita ake nufi. A ƙara da layin da ke cewa in gidauniyar ta rushe ko ta haɗe da wata, kuɗin ya bi magajiyarta. Shaidu kuma kada su zama cikin masu amfana.

Bayanin littattafai da makaranta kada a cusa shi duka a cikin wasiyyar. A yi yarjejeniyar asusu daban da gidauniyar, wasiyyar ta yi nuni gare ta. In Baba ya sake tunani baɗi, yarjejeniyar kawai zai gyara.

A duba haraji ma. A Birtaniya, alal misali, abin da aka bar wa ƙungiyar agaji ba a cire masa harajin gado, kuma tun 2012 wanda ya bar kashi 10 na dukiyarsa ga agaji, harajin sauran na sauka daga kashi 40 zuwa 36. Wasu ƙasashen ba su da harajin gado sam.

Na ƙarshe, ya tara ku duka ya faɗa da bakinsa, har da Yaya. Magajin da ya fara jin labarin wasiyya ranar rabon gado shi ne ke neman lauya.

Tsohon Akanta ya sake amsawa:

Mai Shakka, ɗana, maganar hauhawar farashi gaskiyarka ce, ban musa ba. Inda kuɗin ƙasa ke zubewa, asusun da aka jibge a banki mutuwa yake yi a tsaye. Maganin shi ne a riƙe dukiyar a abin da darajarsa ke tashi tare da farashi, kuma wannan ya koma kan su wa ke juya ta. Benjamin Franklin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙasar Amurka, ya rasu a 1790 ya bar wa biranen Boston da Filadelfiya fam dubu ɗai-ɗai, a riƙa ba matasan masu sana'ar hannu rance, na tsawon shekara 200. Da wa'adi ya cika a 1990, na Boston ya haura dala miliyan 4, na Filadelfiya wajen miliyan 2. Kuɗi ɗaya, wasiyya ɗaya, hannu daban. Tambayoyin da ka ce ta yi musu duk ta yi su. Rosenwald kuma da Feeney manufa ɗaya suka sa a gaba da dukiya mai yawa. Gidauniyar yanki ba ta da ranar gama aiki, don yankin ba ya ƙarewa. Malam ma zai iya yin duka biyun, ya raba littattafai bana da hannunsa, wasiyyar na nan.

Gidan haya kuwa, 'yata, ki tambaye su tun yanzu ko suna karɓar gini. Da yawa suna karɓa ne su sayar nan take, don ba su da mai bin haya da gyaran famfo, kuma gida ɗaya in ya zauna wata shida babu ɗan haya, asusun bai kawo komai ba. Wasu ma sai sun aiko an duba takardun mallaka da lafiyar ginin kafin su ce eh. In Malam ya bi shawarar Barista ya rubuta kaso, gidan na iya zama a hannunku ku magada, a yi masa kuɗi, ku fitar da kason gidauniyar daga abin da ke banki. Ki kuma tambaye su mafi ƙarancin kuɗin da suke buɗe asusu mai suna da shi, don kowace gidauniya da nata. In kason bai kai ba, sai a zuba shi a babban asusunsu na ilimi.